Yadda ake kula da bonsai mai lanƙwasa don kada siffarta ta ɓace

Tambayar ta zo daga Kano. Mai tambaya ya sayi 'yar bishiyar bonsai a wajen masu sayar da furanni, tsayinta kamar santimita 40, jikinta a lanƙwashe kamar harafin S, an ce masa Ficus ce. Yau wata 2 ke nan tana falonsa: ganye na zuba, wayar da aka naɗe rassa da ita ta fara nutsewa cikin ɓawo, sababbin rassa kuma suna ta miƙewa sama suna rufe lanƙwasar da ya saye ta dominta. Yana son sanin abin yi.

Malam, bishiyarka tana da sauran rai, kuma matsalolin uku da ka lissafa duk masu gyaruwa ne. Sai dai ka fara cire wani tunani daga ranka, wato cewa bonsai wani irin itace ne na daban da Allah ya halitta shi ƙarami. Bishiya ce kamar kowace, an tsare ta ne a ƙaramin kasko ana rage mata saiwa da rassa. Kalmar ma ta Japananci ce, ma'anarta shuka a cikin kasko, kuma Japanawa sun karɓo sana'ar ne daga Sin, inda ake kiranta penjing. Taka, bisa bayaninka, Ficus microcarpa ce, 'yar'uwar ceɗiya da durumi da gamji da ɓaure. Ana rainon irinta da yawa a kudancin Sin, a lanƙwasa su tun suna siraran tsirrai, sannan a yi safararsu zuwa ƙasashe. Ka yi dace, domin bishiyar ƙasar zafi ce, yanayinmu ya karɓe ta.

Siffar da ke jikinta ita Japanawa ke kira moyogi: jiki ya tashi daga ƙasa, ya karkata gefe, ya dawo, ya sake karkata, lanƙwasar tana ƙanƙancewa yayin da ake hawa, ƙoƙuwar, wato can saman bishiyar, kuma ta tsaya daidai saman gindi. Jikin da ya riga ya ƙosa ba zai miƙe ba, wannan ka kwantar da hankalinka. Abin da ke ɓata siffar shi ne halin bishiyar kanta. Yawancin bishiyoyi ƙarfinsu sama yake tafiya, wajen haske, kuma tohon da ya fi kowane tsayi yana danne na ƙasa da shi. In aka bar ta wata 6 ba aski, kai zai yi nauyi, rassan ƙasa su rame su mutu, sababbi su cike cikin lanƙwasar, sai ka ga kurmi a kasko. Haka kuma duk shekarar da jiki ya ƙara kauri, cikin gwiwar, wato inda jikin ya lanƙwashe, yana ɗan cikewa, lanƙwasar tana raguwa kaɗan-kaɗan. Shi ya sa aikin ba ya ƙarewa.

Amma kafin almakashi, cire wayar nan yau. Waya ba ado ba ce, aikinta ta riƙe reshe har ya yi sabon itace a matsayin da aka ajiye shi, daga nan ba ta da amfani sai cutarwa. Ficus tana kauri da sauri a lokacin zafi da damina, cikin mako 4 zuwa 8 waya kan fara cin ɓawo. Kada ka warware ta yadda ake warware zare, reshe zai karye ko ɓawo ya saluɓe. Ka samu ƙaramar filaya mai yanka, ka datse wayar a kowane zagaye, guntayen su faɗo da kansu. Inda ta nutse sosai, ka datse gaba da baya, ka kama guntun da bakin filaya ka zare shi a hankali ta hanyar da ya shiga, ɗaya hannun yana tallafe da reshen. Farin ruwa mai danƙo zai fito, ba komai, da kansa yake tsayawa, sai dai ka kiyaye idonka kuma ka wanke hannu domin yana sa ƙaiƙayi. Tabon da bai yi zurfi ba yakan shafe cikin shekara 1 ko 2. Mai zurfi yana iya zama har abada, in ya yi muni a sare reshen a raini wani.

Batun zubar ganye kuwa, na fi zargin falon. Ficus takan zubar da ganye duk lokacin da aka sauya mata wuri, ta yi mako 2 zuwa 4 tana haka sannan ta sake toho. Wata 2 ya wuce wannan. Falon da ido ke gani da haske, a wurin bishiya duhu ne, in kuma akwai na'urar sanyaya ɗaki ko fanka na kaɗa ta kai tsaye, iskar na busar da ganye. Ka kankare ɓawon wani reshe kaɗan da farce. In ka ga kore a ƙasa, reshen na da rai. Ka fitar da ita waje, amma ba tsakar rana kai tsaye ba, domin ganyen da ya saba da ɗaki ƙonewa yake yi. Mako na farko inuwa mai haske, kamar baranda. Mako na biyu ranar safe ta awa 2, sannan ka riƙa ƙarawa har ta samu awa 4 zuwa 6 na hantsi. Wurin da ke fuskantar gabas ya fi. A bazara, watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke kai digiri 40, dole ta samu inuwa daga ƙarfe 11 zuwa la'asar, kuma kada kaskon ya zauna a kan siminti, domin simintin na dafa saiwa. Ka ɗora shi a kan benci na katako. Hakan na raba ta da gara, ya kuma nisanta ta da awaki, waɗanda ganyen dangin ceɗiya abincinsu ne.

Duk mako ka juya kaskon kwata guda. Ga mai lanƙwasa wannan ya fi muhimmanci, saboda gefe ɗaya yana inuwantar da ɗayan, kuma rassa suna bin rana. In ba a juyawa, duk tohon zai karkata waje ɗaya ya ja siffar da shi.

Ruwa shi ya fi kashe bonsai, ko ya yi yawa ko ya yi kaɗan, kuma alamar duka biyun kusan ɗaya ce: ganye ya yi rawaya ya zube. Bambancin yana cikin ƙasa. Kada ka sa wa ban ruwa ranaku. Ka soka yatsa santimita 1 cikin ƙasar, ko ka bar tsinken tsire a soke ka riƙa zarowa kana dubawa. In sama ya bushe ƙasa na da ɗan laima, lokaci ya yi. Ka zuba ruwa a hankali ta ko'ina har ya fito ta ramukan ƙasan kasko, ka jira minti 5, ka sake. 'Yar yayyafawa a sama ba ta kai wa saiwar ƙasa. A bazara wannan na iya zama safe da yamma, a damina wata rana ba sai ka ba ta ba, a hunturu kuma ka lura sosai: gari na da sanyi amma iskar a bushe take, tana zuƙe ƙaramin kasko kafin azahar. Kada kasko ya kwana cikin faranti mai ruwa. Saiwa na buƙatar iska, in ta daɗe a jiƙe sai ta ruɓe, ta yi baƙi, ta yi wari, bishiyar ta mutu da ƙishirwa alhali tana cikin ruwa. In ƙasar ta bushe ƙamas har ruwa na bi ta gefe yana wucewa, ka tsoma kaskon gaba ɗaya cikin baho na minti 10 zuwa 15 har kumfa ya daina tasowa.

In ka ga farin abu kamar kanwa a bakin kasko, gishirin ruwan rijiya ne ko na taki. Ruwan sama ya fi kowane, ka tara shi in da hali. In babu, sau ɗaya a wata ka kwarara ruwa mai yawa ya wanke ƙasar.

Sanyin Disamba da Janairu ba ya kashe ta a Kano, amma in dare ya sauka ƙasa da digiri 15 girmanta na tsayawa. Ka matsar da ita jikin bango inda iska ba ta bugawa, ka riƙa wanke ƙurar ganyen da feshin ruwa sau 2 a mako, kada kuma ka yi mata babban aski a lokacin.

Yanzu ga askin, wanda shi ne ainihin riƙe lanƙwasa. Kada ka fara sai bishiyar ta dawo hayyacinta, ka ga sabon toho ko'ina. Bishiya mai jinya ba a yi mata ado.

Da farko ka nemo fuskarta. Ka ɗora ta daidai idonka ka riƙa juyawa har ka samu ɓangaren da lanƙwasar ta fi fitowa, gindi ya fi faɗi, kai kuma ya ɗan sunkuyo wajenka kamar mai gaisuwa. Ka soka ɗan tsinke a bakin kaskon don alama. Duk hukuncin da za ka yanke daga wannan fuskar za ka yanke shi.

Ƙa'idar ita ce reshe yana fitowa ne daga bayan lanƙwasa, wato ƙoƙuwar gwiwa, ba daga cikinta ba. Dalili biyu ne. Na ido: reshen da ke bayan gwiwa yana sa a ga kamar shi ya ja jikin zuwa can, na ciki kuwa yana cike gurbin da ya sa ake ganin lanƙwasar. Na lafiya: cikin gwiwa inuwa ne, reshen can ba ya ƙarfi, in kuma ya yi ƙarfi sai ya kumbura wurin. Saboda haka duk tohon da ya fito a ciki, ka murje shi da yatsa tun yana ɗan ƙarami, kafin ya zama abin sara. Reshe na farko, wanda ya fi kowane kauri da tsawo, ya kasance wajen kashi ɗaya cikin uku na tsayin bishiyar, a bayan gwiwar farko. Na biyu a ɗaya gefen, sama da shi. Na uku ya nufi baya don bishiyar ta yi zurfi. Haka za a riƙa hawa, rassan na gajarta, tazararsu na raguwa.

Waɗanda za ka cire gaba ɗaya su ne masu miƙewa sama sak kamar mashi, masu kallon ƙasa, masu gitta gaban jiki, da masu nufo idon mai kallo a rabin ƙasa na bishiyar. Inda rassa 3 ko fiye suka fito a wuri guda, ka bar 1, in a ƙarshen reshe ne ka bar 2. Wannan na da muhimmanci, domin taron rassa a wuri ɗaya yana tara abinci a wurin ya yi ƙullutu, sai sama ya fi ƙasa kauri. A ganina wannan ne aibin da ya fi kowane wuyar gyara a irin waɗannan bishiyoyin na kasuwa, ya fi tabon waya muni. Ka kuma duba ko rassan naka aure aka yi musu, domin da yawa ana ɗaura masu ƙananan ganye a kan jikin mai manyan ganye. Za ka ga tabo a inda reshe ya haɗu da jiki. In haka ne, duk tohon da ya fito daga jikin kansa da manyan ganye, cire shi nan take, in ba haka ba zai ƙwace abincin rassan da aka ɗaura.

Askin yau da kullum mai sauƙi ne. Ka bar sabon toho ya yi ganye 6 zuwa 8, ka yanke ka bar 2. Ka dubi ganyen ƙarshe da za ka bari: inda ya fuskanta nan sabon reshe zai nufa, don haka ka zaɓi mai kallon waje ko gefe. Da wannan dabarar kaɗai ana sa reshe ya yi ta karkata ba tare da waya ba, kuma lanƙwasar da aka samu haka ta fi ta waya kama da ta daji. Kan bishiyar kuma a fi matsa masa. Ƙoƙuwa ka bar ganye 1 ko 2, rassan ƙasa ka bar su su yi tsawo, ko da ganye 10, don su yi kauri. A zama ɗaya kada abin da ka cire ya wuce kashi ɗaya cikin uku na ganyen. Almakashi ya zama mai kaifi, ka goge shi da sifirit. In ka sare reshe mai kaurin fensir ko fiye, ka yanke shi daf da jiki, ka ɗan rarake wurin kaɗan don in ya warke ya shafe. Bayan babban aski ka rage mata rana na mako guda, saboda ɓangaren jikin da ke kwance, wanda ganye ke rufewa da, yana iya ƙonewa.

In za ka mai da waya don kwantar da rassan da suka ɗaga, ga yadda ake yi. Ta alminiyom ta fi dacewa da Ficus saboda taushinta. Ta jan ƙarfe irin ta masu gyaran wuta tana yi, in an fere robar, an gasa ta a wuta har ta yi ja, an bar ta ta huce. Wayar ɗaurin rodi kada ta kusanci bishiyarka, tsatsa take yi. Kaurin waya ya zama kamar kashi ɗaya cikin uku na kaurin reshe: reshe mai milimita 6, waya mai milimita 2. Ka yanko tsawon da ya fi reshen da kashi ɗaya cikin uku. Dole waya ta samu madogara, don haka ka yi amfani da guda ɗaya ga rassa 2 da ke kusa, ta zagaya jiki sau 1 ko 2 a tsakaninsu. Ka naɗa a karkace, kusurwar digiri 45, zagayen da tazara daidai, ta kwanta a ɓawo ba tare da ta shaƙe shi ba, kuma kada ta bi ta kan ganye ko idon toho. In ɗaya ba ta riƙe ba, ka jera ta biyu a gefenta, kada su gitta juna.

Ka hana bishiyar ruwa kwana 1 kafin lanƙwasawa, reshe ya fi laushi in bai cika da ruwa ba. Ka sa manyan yatsunka biyu a cikin gwiwar, sauran yatsu a baya, ka tabbata akwai zagayen waya daidai bayan gwiwar, domin nan ne itace ke tsagewa. Ka tanƙwara a hankali, sau ɗaya. Kai da kawowa yana raba ɓawo da itace, reshen ya bushe bayan mako 2 ba ka san dalili ba. In ka ji ƙas, tsaya nan, ka naɗe wurin ka bar shi wata 2. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, a nan maganar a zahirinta take: reshen da bai wuce kaurin fensir ba shi ne na waya. Wanda ya kai yatsa sai an fara naɗe shi tam da jiƙaƙƙiyar igiyar rama ko robar tsohon tayar keke ta ciki, ko kuma a ɗaura masa siririyar waya a ja shi ƙasa zuwa kasko, a sa roba inda ta taɓa ɓawo, a riƙa ƙara matsewa duk mako 2. Babban jikin kuwa, in ya wuce santimita 2 ko 3, ka bar shi yadda yake. Sannan ka riƙa duba wayar duk mako. In ka cire wayar reshen ya koma yadda yake, ka sake naɗawa, amma ba a kan tsohon sawu ba.

Ƙasar da waɗannan bishiyoyin ke zuwa da ita yawanci ba ta da kyau, laka ce ko dusa da ta dunƙule, wani lokaci har da tsakuwar da aka manne da gam a sama. In akwai wannan tsakuwar ka ɓamɓare ta yau. Sauyin ƙasa kuwa ka jira farkon damina, ƙarshen Mayu zuwa Yuni. A Japan ana amfani da akadama, wata ƙasa mai ƙwaya-ƙwaya, a gauraya da duwatsun aman wuta masu ramuka. Abin da ake nema shi ne ƙwayoyi masu milimita 2 zuwa 6 da ruwa ke ratsawa nan take. A nan za ka iya haɗa mudu 2 na dakakken jan bulo, 1 na yashi mai manyan ƙwayoyi, 1 na dakakken gawayi, 1 na ruɓaɓɓen takin ganye. Ka tankaɗe kowanne da rariya ka zubar da garin, domin garin ne ke toshe iska.

Ka fito da bishiyar daga kasko, ka tsefe saiwar da tsinke daga gindi zuwa waje, ka yanke masu zagaye kasko da masu nutsawa ƙasa da duk baƙaƙe, kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Ka rufe ramukan kasko da guntun raga. Ga abin da mutane ke mantawa: bishiya mai lanƙwasa nauyinta a gefe yake, in ba a ɗaure ta ba iska na girgiza ta, sababbin saiwoyi na tsinkewa. Ka zura waya ta ramukan ƙasa, ka zaunar da bishiyar a kusurwar da ƙoƙuwa ta dawo saman gindi, ɗan gefe da tsakiyar kasko, ka murɗe wayar a kan manyan saiwoyi har in ka ɗaga jikin kaskon ya biyo. Ka cusa ƙasa da tsinke kada a bar rami, ka shayar sosai, inuwa mako 2 zuwa 3, ba taki sai bayan mako 4, ba waya sai bayan mako 6. Ana maimaita wannan duk shekara 2 ko 3. Tsawon kasko ya zama wajen kashi biyu cikin uku na tsayin bishiya, a zafinmu kuma gara ya ɗan fi na Japanawa zurfi.

Taki kaɗan-kaɗan ne. Cokalin shayi 1 na NPK 15-15-15 a narkar cikin lita 5 na ruwa, a ba ta duk mako 2 daga Maris zuwa Oktoba, a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. A hunturu sau ɗaya a wata ya isa. Ka guji yuriya, tana sa manyan ganye da dogayen gaɓoɓi, irin rassan nan masu miƙewa da kake kuka da su.

Ƙwari sun fi ɓuya a cikin gwiwa da ƙarƙashin waya. Akwai farare masu kama da auduga, akwai masu manne wa reshe kamar ƙananan ƙuraje, kuma in ka ga tururuwa na hawa da sauka to suna nan. A hunturu wasu ƙananan jajaye kan sa ganye ya yi ɗige-ɗige da siririyar yana. Sabon ganyen da ya naɗe kamar an ninke shi, akwai baƙaƙen ƙwari a ciki, ka tsinke shi ka ƙona. Sauran ka goge da auduga da sifirit, sannan ka haɗa cokalin shayi 1 na man darbejiya da rabin cokali na sabulun ruwa a lita 1, ka fesa da yamma sama da ƙasan ganye, duk kwana 7, sau 3.

Duk wannan bayanin na Ficus ne. Wanda tasa mai ganye kamar allura ce, irin su juniper da pine, lamarinsa daban: bishiyoyin ƙasar sanyi ne, ba sa rayuwa a ɗaki, zafin arewa na wahalar da su, kuma juniper kan yi makonni da kore bayan ta riga ta mutu.

In kana son hannunka ya faɗa kafin ka taɓa wadda ka saya da tsada, ka yanko reshen ceɗiya mai kaurin fensir a farkon damina ka dasa a yashi, ko ka shuka ƙwallon tsamiya. Idan tsiron ya kama ya kai santimita 30, ka soka waya mai milimita 2 ko 3 cikin ƙasa a gindinsa, ka naɗa har sama, ka yi gwiwar farko ƙasa-ƙasa, kamar santimita 5 daga ƙasa. Ka sa lanƙwasar ta fi yadda kake so tsanani tunda kauri zai rage ta, kada gwiwoyin su zo girma ɗaya, kuma ka karkata gaba da baya, ba hagu da dama kaɗai ba. Bayan mako 6 ka duba wayar.